Mamacin da Ya Sha Shayi a Ofishinmu

Cikin duk abin da ɗan Adam ya taɓa ƙoƙarin tabbatarwa a gaban alƙali, daga iyakar ƙasa har gadon sarauta, babu mai wuya irin tabbatar da cewa mutumin da ke zaune a gabanka yana kurɓar shayi yana da rai. Na san ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan za ku yi murmushi. Ni ma da na taya ku, ba don ranar da Baba Muhyiddin ya hawo benenmu ba, ranar da har yau ta ƙi barin kaina.

Bari in fara da ofishin, saboda waɗanda ba su san shi a wancan lokacin ba. Muna unguwar Ruwais ne a Jidda, hawa na biyu, a kan wani shagon labule. Ba ma tsayawa a kotu. Aikinmu ba baƙi shawara a kan shari'o'in da suka baro a ƙasashensu, gado ne, fili ne, wakilci ne, mu tsara takardu, a buga musu hatimi, mu aika wa lauyoyin can. Shugaban sashenmu Ustaz Taha ne, wani Basudane dogo wanda bai taɓa yin sauri a gabana ba, ko a tafiya ko a magana.

Yadda aka yi teburin Indiya ya faɗo hannuna kuwa, bakina ne ya jawo. Ranar da ake tantance ni, don in nuna na yi karatu, na ce ai dokar laifuffukan da muka koya a Arewa jikar ta Indiya ce: Turawa suka rubuta ta can a 1860, suka ɗauke ta zuwa Sudan, daga Sudan aka kawo mana. A duk bayanin nan abu ɗaya Ustaz Taha ya ji, wato ƙasarsa ce uwa, tawa 'ya. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce to halas, magana ta ƙare, in je in kula da kakata. Haka na shekara da shekaru cikin tsofaffin dokokin Indiya, ta shaida, ta kwangila, ta mallakar ƙasa. Karanta su kamar shiga ɗakin kaka ne. Duk kayan ka san su, amma babu ko ɗaya a inda ka saba ganinsa.

Baba Muhyiddin ya zo ne a shekarar da aka gama rushe Karantina, unguwar nan ta kudancin Jidda da mutanenmu suka daɗe a ciki. Tsoho ne ɗan siriri, baƙi, da farin gemu da tabarau ɗaure da zare. Da ganinsa Ba'indiye ne. Ina shirya Larabcina sai ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Ya gajiya, ya iyali?" Idona da kunnena suka yi gardama na ɗan lokaci. Ashe mutumin Kerala ne, ya zo Umra fiye da shekara ashirin da suka wuce, bai koma ba, ya kafa keken ɗinki a tsakiyar Hausawan Karantina har harshensu ya zama nasa. Yanzu an rushe shagon, keken yana ajiye wurin wani a Balad, tsohon garin Jidda, ƙafafunsa sun fara kumbura, yana so ya koma gida.

Ƙa'idar a fili take. Wanda fasfonsa ya mutu yana zuwa ofishin jakadancin ƙasarsa, su kuma su rubuta wa 'yan sandan gundumarsu a tabbatar musu ɗan ƙasa ne, sannan a ba shi takardar tafiya ta gaggawa. Baba ya bi duk wannan. Amsar da ta dawo daga can ita ce mai wannan suna, ɗan wane, na ƙauye kaza, ya rasu, kuma kotu ce ta tabbatar.

"Sun ce na mutu, Malam," in ji shi. "Na ce musu ni dai ban samu labari ba."

Ustaz Taha yana tsaye a bakin ƙofa, na fassara masa. Ya tambayi iƙama, wato takardar izinin zama, aka ce babu. Ya shafa haɓa, sannan ya ce a takardun ƙasar nan mutumin ba ya nan, a takardun ƙasarsu kuma ba ya duniya, ke nan babu wanda ya shigo ofishinsa yau. Daga nan ya sa aka kawo wa Baba shayi. Ya ce tun da aikin na fitar da shi ne ta hanyar hukuma, in yi, amma kada in tambaye shi da wane suna za a buɗe fayil.

Dokar da ta kashe Baba na san ta, don muna da 'yar'uwarta a gida. Dokar shaida ta Indiya, ta 1872, ta ce a sashe na 107 wanda aka san yana raye a cikin shekara talatin da suka wuce, mai cewa ya mutu shi zai kawo hujja. Sashe na 108 kuma ya juya maganar: in an shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji ɗuriyar mutum ba su ji ba, to mai cewa yana raye shi zai kawo hujja. Da haka ake raba gadon wanda teku ta tafi da shi ko ya shiga duniya. Na tambayi Baba wa ya kai maganar kotu, ya ce dangi. Ban ƙara bincike ba, domin a aikin nan in aka ce dangi, akwai wani ƙane mai dogon hannu a bayan labarin, kuma na riga na zana masa fuska a raina. Na ga hanyar a miƙe. Mu nuna cewa mutanen gida suna jin labarinsa a shekarun nan, hukuncin ya rushe tun daga tushe. Na ce ya kawo mini shaidu biyu da suka san zamansa.

Biyu na ce. Ranar da aka sa, tun daga ƙofar mai labule har bakin teburina mutane ne. Rusau ya watsa su unguwa-unguwa, amma labari ya zaga cewa an kashe Baba Tela a takarda, kowa ya bar abin da yake yi. Akwai masu dako, akwai direbobi, akwai wani tsoho da aka riƙo da hannu. A gaba kuwa Hajiya Dudu ce, mai waina, wadda aka zo da ita Jidda tana goye, Hausarta rabi Larabci, muryarta kuma ba ta buƙatar lasifika.

A nan ne al'adarmu ta shigo. Mu in aka ce mu yi wa mutum shaida, ba mu san mu tsaya kan abin da aka tambaye mu ba. Halinsa muke zubawa gaba ɗaya, kamar yadda ake yi a bakin kabari, kuma ragewa cin amana ne. Hajiya Dudu ta gyara zama ta fara. Ta ce wallahi ba a taɓa yin miji irin Baba Tela ba, mazan Karantina su zo su ɗauki darasi. Ta ce babu Hajjin da ya wuce ba ta nemo masa alhazan garinsu sun tafi wa matarsa Safiya da dabino da zamzam da yadi ba. Ta ce tun da ba shi da iƙamar sayen layi, da wayarta yake kira duk Juma'a bayan la'asar, har ita kanta ta iya gaisuwa da yarensu, kuma ta yi mini ita nan take don in ji. Masu dako suna gyaɗa kai suna cewa haka ne, wallahi haka ne.

Ni kuwa alƙalamina gudu yake. Ban taɓa ganin shaida mai kyau irin wannan ba. Sai da na cika shafi na ɗaga kai, na ga Baba ya ajiye kofinsa yana kallon ƙasa, kamar wanda ake karanta wa laifinsa. Wani abu ya ɗarsu a raina. In matarsa tana jin muryarsa duk Juma'a, ina take lokacin da ƙanen nan da na zana a raina yake rantsuwa a kotu?

"Baba, wa ya tsaya gaban alƙali ya ce an shekara bakwai ba a ji ɗuriyarka ba?"

"Uwargida."

"Da saninka?"

"Ni na ce ta je."

Baba ya yi bayani a hankali. Suna da gida da ɗan fili mai bishiyoyin kwakwa, da sunansa. Maƙwabci ya matso da shinge ya cinye kusan rabi. A dokarsu ta wa'adin ƙara, wanda ya zauna a filinka a bainar jama'a shekara goma sha biyu ba ka kai shi kotu ba, ya zama nasa, kuma wa'adin ya kusa. Mai fili ne kaɗai zai yi ƙara, ko wakilinsa. Takardar wakilci tana son hatimin ofishin jakadanci, hatimin yana son fasfo mai rai da iƙama, shi kuwa ba ko ɗaya. Wani lauyan ƙauye ya gaya wa Safiya cewa matar mai rai ba ta da bakin magana sai da takardar mijinta, amma matar mamaci magajiya ce, tana iya tsayawa da ƙafarta. Suka yi shawara a wayar Hajiya Dudu, wata Juma'a bayan la'asar. Baba ya mutu, Safiya ta yi ƙara, ta ci, aka mayar da shinge.

Hajiya Dudu ce ta fara samun bakin magana, kuma abin da ya dame ta ba abin da ya dame ni ba ne. Ta ce, "Tsaya, Baba Tela. Ta yi takaba?"

Ya ce ta yi mana, idon ƙauye yana kanta. Ya ce ai fararen kayan da ta sa shi ya ɗinka.

Hajiya ta dafe ƙirji. Ta tuna ƙunshin. Ita ta kai shi masaukin alhazai da hannunta, har tana yi masa tsiya cewa tsoho da shi yana aika wa mata kayan amarci.

Na sallami jama'a da ƙyar, na bugi lauyan da muke aiki da shi a can, wani mutum mai magana da sauri kamar ana korarsa. Tun kafin in ƙarasa ya ce kada in aiko da wannan shaida, kada ma in ajiye ta kusa da na'urar aika takardu. Ya tuna mini sashe na 193 na dokar laifuffuka, shaidar zur a gaban kotu, ɗauri har shekara bakwai. Waɗanda suka rubuta dokokin nan da alama suna son bakwai: ita ta kashe mijin, ita kuma take jiran matar. Ya ƙara da cewa maƙwabcin yana nan da ransa da haushinsa, kuma ranar da ya ji Safiya ta san mijinta na raye, a ranar zai nemi a sake buɗe maganar shinge.

Na zauna na dubi abin da ke gabana. Duk kalmar da ta nuna Baba mijin kirki ne tana matsar da matarsa kusa da kurkuku. In ana so ta tsira, sai ya zama mutumin banza wanda ya watsar da iyali shekaru bai waiwaya ba. In kuma ya ci gaba da zama matacce, ba shi da takardar hawa jirgi. Ustaz Taha ya ce abin mai sauƙi ne, Baba ya rantse cewa duniya ta ɗauke masa hankali ya manta da gida, ai irinsu sun cika Jidda. Na fassara. Baba ya girgiza kai.

"Ƙarya ɗaya muka yi, Malam, kuma ita ta ɗauka a wuyanta. Ba zan ƙara ta biyu ba, ina shaƙar iskar Makka."

Na koma ɗakin kaka ina lalube. Na tarar da sashe na 122 na dokar shaida, wanda ya ce ba a tilasta wa miji ya faɗi abin da matarsa ta gaya masa a zaman aure. Na yi murna na kusan rabin yini. Lauyan can ya tambaye ni wane aure, tun da a idon kotu mutuwa ta raba shi. Na ce ai in an rayar da shi auren ya dawo. Ya ce kafin a rayar da shi za a yi masa tambayar. Na ce to ya nemi kariyar tun daga farko. Ya ce mutumin da ya ce ba zai faɗi abin da matarsa ta gaya masa ba, ai ya gama faɗa wa kotu cewa ta gaya masa wani abu. Muka ajiye waya, ni a Jidda shi a Kerala, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya gane. Ustaz Taha, da na ba shi labari, ya ce shi tun farko ya gaya mini babu wanda ya shigo.

Abin da muka tsaya a kai daga ƙarshe shi ne mu raba matsalar biyu. Ofishin jakadanci ba tarihin aure yake nema ba, so yake ya san mutumin nan shi ne, kuma yana numfashi. Sai na tsara shaida mafi gajarta da na taɓa rubutawa: na san wannan mutum da wannan suna, na gan shi yau, yana raye. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, babu dabino, babu Juma'a.

Samun hannun Hajiya Dudu a kan wannan ya fi duk sassan dokar wuya. Ta sa na karanta mata, ta jira ci gaba, na ce shi ke nan.

"Ya Ustaz," ta ce da ni, "kai ɗan wane gari ne? Mutum ya shekara ashirin yana ɗinka wa marayun unguwa kayan sallah kyauta, a ce iyakar abin da zan faɗa a kansa yana numfashi? Ko akuya za a sayar ana faɗin abin da ya fi haka."

Na ce Hajiya, duk alherin da kika ƙara, Safiya ce za ta biya. Ta ce wace irin doka ce wannan da kirkin miji yake ɗaure mata. Na ce tsohuwa ce, ta girme mu duka. Ta dubi Baba, Baba ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya, rage ni." Ta dangwala yatsa tana ƙunƙuni, ta ce Allah dai ya san sauran, kuma ranar da aka tambaye ta a can ba za ta rage komai ba.

Aka sake aikawa da hoto da shaidun. 'Yan sandan gunduma suka kai hoton ƙauye, suka nuna wa limami da Safiya. Aka tambaye ta ko ta san wannan. Ta ce mijinta ne. Ba a tambaye ta wani abu ba, ita ma ba ta ƙara ba. Takardar tafiya ta fito, Baba ya miƙa kansa ga hukuma, ya yi zamansa na tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka sa shi a jirgi. Mutanen Karantina suka haɗa masa yaji da kuka da kilishi, abincin da ba a san shi ba a inda za shi, amma shi cikinsa ya saba.

Saura rabi na biyu, wato kotun da ta kashe shi ta janye hukuncinta. Wannan sai ya tsaya gaban alƙali da kansa. Na zauna na rubuta wa lauyan can doguwar shawara, sashe bisa sashe, yadda za a bi ta gefen tambayar ba tare da an taka ta ba. Ina alfahari da wannan rubutu har yau. Ana cikin ɗage zama, a 2024, Indiya ta sauke tsohuwar dokar laifuffuka da ta shaida ta kawo sababbi, lambobin sassa duk suka sauya. Na tambayi lauyan da wacce za a yi mana. Ya ce tsofaffin ƙararraki da tsohuwa, sababbi da sabuwa, tamu kuwa an shigar da ita kafin sauyin, aka dawo da ita saboda gyara, aka sake shigarwa bayansa, don haka magatakardan kotu ma ya ce zai tambaya. Na ɗauko shawarata na bi ta da jan alƙalami, kowane sashe da lamba biyu, kamar mai shagon da ba ya son a san farashi.

Bayan wasu watanni lauyan ya bugo a fusace. Ya ce an kira ƙarar, an sake kira, mutumina ba ya zuwa. Na nemi lambar Safiya a wurin Hajiya Dudu, wadda ta haddace ta fiye da tata. Baba ya karɓa, ina jin ƙarar keke ta tsaya. Muka gaisa, ya tambayi Ustaz Taha da mai labule. Na ce Baba, me ya hana ka zuwa kotu? Ya ce ya je sau ɗaya ya zauna a baya ya ga yadda ake yi. Ya ga ana sa mutum ya rantse, sannan a tambaye shi abin da aka ga dama. Ya ce a duk ƙasarsu wuri ɗaya ne kawai za a tambaye shi ina yake kira ranar Juma'a, kuma nan ne ake so ya kai kansa.

Na yi masa bayani irin na aiki. Na ce in bai je ba, ba shi da katin ɗan ƙasa, ba ya zaɓe, ba ya buɗe asusu, gidan da ya gina ba nasa ba ne, ko layin waya ba zai iya saya da sunansa ba.

"Malam," in ji shi, "shekarun da ka san ni, da layin wa nake kira?"

Ya ce in gaida Hajiya, in ce mata yajin ya ƙare.

Abin da na ɗauka daga wannan, kuma nake so ku riƙe, shi ne mai zuwa teburinku ba lallai abin da doka take kira haƙƙinsa yake nema ba. Mu an koya mana cewa kowace matsala tana da sashe, kuma in ka dace da sashen ka gama aiki. Mutanen da muke yi wa aiki kuwa sun daɗe suna zaune a tsakanin sassan, sun san inda inuwa take. Kafin ku tara hujja, ku tambayi wa za ta faɗa wa a kai. Kafin ku gayyato Bahaushe shaida, ku tuna zai zo da unguwarsu, kuma zai faɗi alherin da ba ku tambaya ba. Ban ce na fahimci shari'ar Baba ba. Har yanzu ban san ko auren nan yana nan a idon doka ba, ban san da wace lamba zan kira abin da ya kashe shi ba, kuma Ustaz Taha ya yi ritaya bai buɗe fayil ɗin ba.

Kotu dai ta kori ƙarar, saboda mai ƙara bai bayyana ba. Ranar yana barandar gidan magajiyarsa yana ɗinki.